Mai Sharar Iskar Da Ba Ya Cika Daƙiƙa Guda

Da an gama girbi a ƙasar Batsari da Safana, sai hayaƙi ya tirniƙe: ga ƙunar daji ta mafarauta, ga ta gonaki, ga ramukan masu yin gawayi a gefen Dajin Rugu. Bayan 'yan kwanaki sararin sama ya washe, mu ce iska ta kwashe. Wani ɓangare iska ce kuwa, amma akwai mai sharar da ido ba ya gani.

Masana kimiyyar sinadarai suna kiransa haidroksil, suna rubuta shi OH. Hasken rana ne ke fasa iskar ozon, abin da ya fita daga cikinta ya haɗu da tururin ruwa, sai a same shi. Tun 1971 Hiram Levy ya nuna cewa shi ne ke cinye yawancin gurɓatattun iskokin da ke ƙasa-ƙasa, har da kabon monoksaid na hayaƙi da mesen da shanu ke fitarwa. Amma bai cika kaiwa daƙiƙa guda a raye ba, kuma ko da rana tsaka 'yan miliyoyi ne kawai a cikin iskar da ba ta wuce girman ƙwayar gujiya ba, inda sauran ƙwayoyi suka ninka shi fiye da sau tiriliyan. Ba a ɗura shi a kwalba a kai ɗakin gwaji, domin kafin a rufe murfi ya riga ya zama wani abu. Dole na'ura ta je inda yake: ta zuƙo iska ta wata 'yar ƙaramar kafa, ta haska ta da leza mai tsawon zango nanomita 308, sannan ta ƙirga ɗan hasken da OH ya mayar.

An taɓa kawo irin wannan na'ura maƙwabtanmu. A daminar 2006, a ƙarƙashin shirin AMMA, wani jirgin bincike na Birtaniya ya yi sansani a Yamai, masu bincike na Jami'ar Leeds suka auna OH a sararin Afirka ta Yamma. Wani abin da shirin ya gano ya fi jan hankalina: busasshiyar ƙasar Sahel, da zarar ruwa ya jiƙa ta, tana fesar da iskar naitirojin oksaid, wadda ke ƙara ozon. Wato ruwan shuka da manomin Safana ke jira shi ma yana jujjuya lissafin sararin da ke kansa.

Ɗalibaina sukan tambaye ni, ina ruwan mutumin da 'yan bindiga suka hana zuwa gona da wannan? Ba na raina tambayar. Sai dai ozon a ƙasa-ƙasa yana rage amfanin gona, yana kuma cutar da huhu, sannan hayaƙi mai yawa yana cinye OH ɗin kansa, mesen ta ƙara daɗewa a sama tana ɗumama duniya. Hasashen yanayin da ake yi mana kuwa, akasari an gina shi ne bisa ma'aunan Turai da Amurka.

Ban ce jami'o'inmu su sayi leza ba. Kuɗinta da wutar da take ci sun fi ƙarfinmu a yanzu. Amma ana iya ƙiyasta OH idan an auna ozon, da kabon monoksaid, da naitirojin oksaid, da laima, da ƙarfin rana, kuma na'urorin waɗannan sun fi araha nesa ba kusa ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana dab da Safana. Da ita da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua za su iya haɗa hannu su kafa tasha guda mai aiki da hasken rana, ta riƙa ɗaukar ma'auni daga hunturu zuwa damina, shekara bayan shekara.