Daga Fagge zuwa Tiga, Daura da Wudil: Inda ake tsayawa a ci, inda ake zuwa a huta

Tun kafin mota ta shigo ƙasar Hausa, Fagge masaukin matafiya ce. A nan ayarin Buzaye masu kawo gishiri da kanwa daga arewa suke sauke raƙumansu a wajen ganuwa, su huta, su yi ciniki, su haɗa guzuri su koma. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai wasu baƙin suka ƙaru, 'yan Kudu ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa, aka yanka musu Sabon Gari. Unguwannin nan biyu tafiya ce ta haife su. Har gobe kuma idan ka tsaya a New Road da yamma za ka ga manyan motocin Legas da Anacha suna lodi, a Fagge kuma ga masu shirin Maraɗi da Damagaram.

Abin mamakin shi ne, ɗalibi zai tashi a tsakiyar wannan hada-hada, kullum yana ganin mutane suna tafiya, amma shi iyakarsa Kantin Kwari da Gidan Zoo. Ya haddace Dam ɗin Tiga saboda jarrabawar Jogarafi, bai taɓa ganin ruwansa ba. Ya rubuta labarin Bayajidda ya ci maki, bai san cewa rijiyar tana nan ba, kuma mutum zai iya zuwa ya dawo ya yi Magariba a gida. Tunda dogon hutu ya ƙarato, ƙannena, bari mu duba hanyoyi uku da suka fita daga Kano, mu ga abin da ake ci a kansu da inda ake zuwa a sha iska.

Guzuri tukuna

Tafiya daga gida take farawa, kuma a nan 'yan Fagge da Sabon Gari sun fi kowa gata. Abincin da kakanninmu suke ɗauka zuwa fatauci duk mai jure rana ne: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, daƙuwa, dabino. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne, an fitar da ruwan jikinsu, ƙwayoyin cuta kuma sai da danshi suke yaɗuwa. Shi ya sa kilishi zai yi kwanaki a jaka lafiya lau, amma shinkafa da miya a leda, cikin motar da rana ta gasa, kafin La'asar ta fara tsami.

Gurasa ma abokiyar tafiya ce, sai dai a saye ta busasshiya. Bandashe, wadda aka jiƙa aka barbaɗa mata ƙuli da mai da albasa, a ci ta nan take ko a haƙura. Wanda kuma yake son ya cika cikinsa kafin ya hau mota, ga masu waina da miyar taushe da masu shayi tun asuba, ga gidajen abincin Sabon Gari da sakwara da miyar agushi. Shawarata dai kada a cika tumbi da sakwara sannan a shiga kujerar baya ta ƙaramar bas. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai amai a mota ya san abin da nake nufi.

Titin Zariya: hanyar da ta fi ƙoshi

Idan da za a ce in zaɓi hanya ɗaya tak, wannan zan zaɓa. Motocinta a Unguwa Uku da Na'ibawa ake samu, kuma tun ba a bar gari ba ga kasuwar 'Yan Lemo, inda manyan motoci suke sauke lemo da ayaba da abarba. Wanda zai tafi da abokai, a nan ya kamata ya sayi kayan marmarinsa, domin sari ya fi sayen ɗai-ɗai ta tagar mota sauƙi.

Da an haye gadar Tamburawa sai gari ya buɗe. Kura ƙasar shinkafa ce, daga nan har Kadawa kuma za ka ga abin da ba kasafai ake gani a Arewa ba: gonaki kore shar a tsakiyar rani, ruwa yana gudu a magudanan siminti a gefen titi. Da sanyi ga alkama, ga albasa, ga tumatir. A Kwanar Gafan akwai kasuwar tumatir da take cika lokacin kakarsa, kwanduna jere ana loda su zuwa Kudu. Kamfanin Dangote ma a Kadawa ya kafa masana'antar sarrafa tumatir a 2016, saboda yawan wanda yake ruɓewa kafin ya kai kasuwa. Ka lura da ruwan magudanan nan da kyau, domin daga inda za ka yake fitowa.

A yankin Bebeji ake barin babban titi a nufi Tiga. Kafin a kai ana wuce Bagauda, ƙaramin dam mai sunan sarkin Kano na farko, wanda tarihi ya ce ya hau mulki a shekarar 999. Otal ɗin da aka gina a bakin tafkin, wanda iyayenmu suke ba da labarinsa, yanzu shi ne reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Masu burin zama lauya sai su leƙa ta taga, wataƙila nan gaba can za a kai ku da akwati.

Shi kuwa Dam ɗin Tiga an gina shi ne tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. An tare Kogin Kano da bango mai tsawon kusan kilomita 6, ruwan ya taru ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. A takarda lamba ce kawai. Sai ka tsaya a bakinsa ka nemi ɗaya gaɓar ka rasa, ga iska mai sanyi, ga kwale-kwalen masunta can nesa kamar ƙwaryar da aka kifa, sannan za ka gane. Nisansa daga Kano bai wuce kilomita 70 da 'yan kai ba. Akwai soyayyen kifi wurin matan da suke suya kusa da inda masunta suke sauke kamu, kuma a ganina shi ne abincin da ya fi cancantar kuɗinka a duk wannan hanya, muddin a gabanka aka tsamo shi daga mai. Wanda yake da sauran ƙarfi sai ya ƙarasa duwatsun Rurum a ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai.

Akwai tambayar da ya kamata ɗalibin Jogarafi ya riƙe a ransa yana kallon ruwan nan. Kogin da aka tare da can Haɗeja da Nguru yake gangarawa, ya malale fadamun da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da su. Tun da aka gina Tiga, sannan aka ƙara da Dam ɗin Challawa na Ƙaraye a 1992, ambaliyar da take ciyar da waɗannan fadamu ta ragu. Tumatirin Kadawa ya samu, wani a can ƙasa ya rasa. Malaminku zai ji daɗi idan kuka koma aji da wannan muhawara.

Maganar da ba wasa a cikinta: kada a shiga ruwan. Dam ba kududdufin unguwa ba ne, gaɓarsa takan zurma lokaci guda, kuma iya iyo a rafi ba ya ceton mutum a nan. Ban da nutsewa akwai tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda tsutsarta take rayuwa a jikin dodon koɗin ruwan da ba ya gudu sosai, ta huda fata ta shiga ba tare da an sha ruwan ba. Hoto a bakin ruwa ya isa. Kwale-kwalen da babu rigar ruwa a cikinsa kuma a bar wa masu shi.

Wanda ya miƙe bai ratse ba zai tarar da Dakatsalle da Kwanar Dangora, inda direbobi suke tsayawa sallah da cin abinci, ga masu tsire da balangu da gasasshiyar kaza. Gaba kaɗan an shiga Jihar Kaduna, ƙasar Maƙarfi, gidan rake da mazarƙwaila. Daga Kwanar Dangora ne hanya take tafiya Tudun Wada da dajin Falgore. Dajin yana da kyau a labari, amma an sha fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu a cikinsa, don haka ba na sa shi a lissafin yawon ɗalibai.

Hanyar Daura

Wannan ta masu son tarihi ce. Ana bi ta Dambatta, garin da kasuwarsa take ci ranar Lahadi, a wuce Kazaure mai duwatsu da dam a gefen gari, a shiga Daura. A kan wannan hanya fura da nono ce sarauniya. Idan kuma da damina aka bi, to ga dafaffen ƙwan zabi a faranti, domin lokacin ne zabi suke zuba ƙwai, ga gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa.

A Daura abin gani shi ne rijiyar Kusugu. Labarin kun san shi: maciji mai suna Sarki ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo Bayajidda ya sauka da dare, ya nemi ruwa a gidan wata tsohuwa bai samu ba, ya je ya kashe macijin, Sarauniya Daurama ta aure shi. Malaman tarihi suna muhawara a kan wane ɓangare ne ya faru, wane ne hikaya, wannan kuma bai rage wa wurin komai ba. An kewaye rijiyar da gini, akwai masu kula da ita da suke ba da bayani, kuma baƙo yakan ja guga ya sha. Fadar Sarkin Daura tana kusa. A tafi da shiga ta mutunci, a gaida manya, a nemi izini kafin a ɗaga waya a ɗauki hoton mutum.

Wudil da abin da yake bayanta

Wudil ta fi kusa, ko awa guda ba a yi idan hanya ta yi kyau. Ga kogi, ga gada, ga masu kifi, ga tukwanen ƙasa jere a bakin titi. Ranar Juma'a kasuwar shanunta take ci, ɗaya daga cikin manya a Arewa, kuma ranar cunkoso ba a magana. Ɗan SS3 da yake tunanin cike JAMB zai amfana da ganin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da Makarantar Horar da 'Yan Sanda da idonsa. Masu doguwar niyya su ƙarasa Birnin Kudu a Jihar Jigawa, inda akwai zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ko su shiga Dutse su sayo dabinon da aka noma a ƙasarmu.

Ciki da aljihu

Abincin hanya yana da daɗin da na gida ba shi da shi, amma shi ne kuma yake kwantar da mutum. Dogon hutu da damina yake zuwa, lokacin da amai da gudawa ya fi yaɗuwa, saboda ruwan sama yana wanko ƙazanta ya zuba a rijiyoyi. Abin da wuta ta taɓa yanzu-yanzu shi ne abin ci. Tsiren da aka miƙo ta taga a takarda, ba ka san tun yaushe yake yawo ba, gara ka sauka ka sa mai nama ya mayar maka da shi kan wuta. Lemo da ayaba da ƙwai da gyaɗa, waɗanda kai za ka ɓare da hannunka, sun fi yankakkiyar kankanar da ƙuda ya riga ka ɗanɗanawa. Fura kuwa matsalarta ba ita kanta ba ce, ruwan da aka dama ta da shi ne da ƙanƙarar da aka jefa. Ka ba mai furar ruwan ledarka ta dama maka da shi, ba za ta ji haushi ba. Zoɓo da kunun aya a tsohuwar robar da ba ka san inda aka tsinto ta ba, ni dai ina wuce su. Kuma inda ka ga direbobi sun yi dandazo, yawanci abincin wurin ba ya kwana.

Kuɗin mota ya yi tsada tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan ba sai an faɗa wa ɗan Kano ba. Mafita ita ce karo-karo. Ɗalibai goma sha takwas da suka fara tara kuɗi tun farkon zango za su iya ɗaukar shatar bas guda zuwa Tiga ta jira su ta dawo da su, kuma kowa zai biya ƙasa da abin da zai kashe idan shi kaɗai ya yi ta hawa yana sauka. Ƙungiyar Jogarafi ko ta Tarihi ta makarantarku ita ce ƙofar da ta fi sauƙi: ku rubuta wa shugaban makaranta takarda, ku nemi malami namiji da mace su raka ku, kowa ya kawo amincewar iyayensa a rubuce. Ta haka ne ma 'yan mata, waɗanda galibi su ake bari a gida idan an tashi irin wannan yawo, za su samu shiga.

A hau mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa, ban da motar bakin titi komai arharta. Titin Zariya da aka sake ginawa ya yi santsi, motoci suna gudu kamar iska, saboda haka idan an tsaya cin abinci a nemi na ɓangaren da aka tsaya maimakon a tsallaka. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, a adana ta a waya. A fita da sassafe, a juyo da La'asar, a shigo Kano da sauran haske. Kuma a ware wani abu tun farko don tsaraba, domin wanda ya je Tiga ya dawo wa Umma hannu rabbana, ko ƙullin busasshen kifi babu, da wuya a sake ba shi izinin zuwa Daura.