Nishaɗin Tsofaffi a Bukukuwan Shekara: Kankiya da Kusada

A Kankiya da Kusada, kamar sauran garuruwan ƙasar Katsina, tsoho a gidansa yake tsufa. Gidan gajiyayyu na hukuma sai a manyan birane, irin wanda ke Shahuci a Kano, kuma kai uwa ko uba can abin gori ne har ga jikoki. Saboda haka wurin kula da tsofaffi a nan shi ne ɗakin tsohuwa a ƙuryar gida, da zaure, da dakalin ƙofar gida, da inuwar masallaci. Iyalai kan yi bakin ƙoƙarinsu wajen ci da sha da magani. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne kewa: samari sun tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, waɗanda ke gida kuma kowa kansa na kan waya, tsoho yana zaune a tsakiyar mutane amma ba mai ce masa kanzil. Bukukuwan shekara su ne damar da ta fi sauƙi ta gyara wannan, muddin aka ba shi abin yi a cikinsu, maimakon a shimfiɗa masa tabarma a gefe ya zama ɗan kallo.

Azumi ne farkon abin dubawa. Tsohon da ƙarfinsa ya gaza, addini ya ɗauke masa azumi, ya ciyar da miskini mudun Annabi a madadin kowace rana. Amma da yawa ba sa yarda su sha, domin suna jin kamar an fitar da su daga sahun jama'a ne. Mai ciwon suga ko hawan jini ya kamata a kai shi asibiti, kamar Babban Asibitin Kankiya, tun kafin a ga wata, a ji abin da likita zai ce game da azumin da kuma lokutan shan magani. In ta tabbata ba zai yi ba, sai a bar masa sauran hidimar watan a hannunsa. Shi zai raba kunu da ƙosan sadaka a ƙofar gida, shi zai riƙe rediyo lokacin tafsiri, tsohuwa kuma ita ce mai ɗanɗana kunun tsamiya ta ce an cika ko an rage, in dai ba ta azumin.

Daga goma ga wata yara ke fara tashe, kuma babu masu jin daɗinsa kamar tsofaffi. A cikin wasannin akwai Tsoho da Gemu, inda yaro ke manna auduga a haɓa, ya duƙa, ya dogara sanda yana tafiya da ƙyar. Tsohon gaske yana ganin wannan sai dariya ta kama shi, ya shiga gyara wa yaron tafiya, ya kuma tuno yadda su suka yi nasu a zamaninsu. Abin da ake bukata kaɗan ne: a kira 'yan tashen su shigo har inda yake, a kuma ajiye masa 'yan canji ko gero a ƙwarya domin ya sallame su da hannunsa. Wannan sallamar ita ce rabin nishaɗin, domin mai bayarwa bai zama kaya ba tukuna.

Ranar sallah kuwa hayaniya ta fi ƙarfin mai rauni. Filin idi da rana da turmutsutsu da ƙurar dawaki ba kowane tsoho ke iya musu ba. Wanda ke son ganin hawa, a nema masa inuwa da kujera nesa da hanyar dawaki, da ruwa a kusa, a kuma mayar da shi gida kafin ya jigata. Hakiman yankin, Kankiyan Katsina da Bebejin Katsina na Kusada, suna cikin hakiman masarautar Katsina, kuma dattijon da ya taɓa bin tawaga zuwa birni yana da labarin hawa da zai cika yini guda, in an samu mai tambaya. Wanda ba ya iya fita, sallah ce za ta zo ta same shi. A yi masa aski, a ɗinka masa sabuwar riga kamar kowa, a yi wa tsohuwa kitso da lalle. Sannan a tsara masu gaisuwa su riƙa shigowa kaɗan-kaɗan, domin mai nauyin ji ba ya gane komai idan mutum goma suna magana lokaci guda.

A nan ne wasan jika da kaka ke aikinsa. Jika namiji ya shigo, tsohuwa ta ce, "Maigida, sai yanzu? Ina kuɗin cefanena?" Shi kuma ya ce ai ya sake ta tun bara, ya samo yarinya. Tsoho ya kira jikanyarsa amarya, ta ce ita ba ta auren mai furfura. Iyayen zamani wani lokaci kan tsawata wa yara a kan wannan, suna ganin rashin kunya ne, alhali kuwa shi ne kusan wuri ɗaya da al'ada ta yarda tsoho ya sauke girma ya yi raha.

Babbar sallah matsalarta haƙori. A yi ta suya gida ya ɗauki ƙamshi, mai gidan kuwa ba ya iya tauna ko tsoka ɗaya. Farfesu mai laushi da dambun nama su ne rabonsa, a rage gishiri da kitse saboda hawan jini. Kasafta naman kuma aikinsa ne, domin shi ya san dangin da ke Rimaye ko Tafashiya ko Yashe ko Mawashi da ba a tsallakewa. Da cika-ciki, a watan Muharram, taubasai kan bi juna kuɗin shara, kuma tsofaffi ne suka san wa ke bin wa. A gidajen da ake Mauludi, karatun Ishiriniya kan tayar da tsohon da ya yini bai ce uffan ba, a ji yana amshi.

Wannan na ƙarshe yana da dalili. Masu rikicin tsufa kan manta abin da suka ci da safe, har su kasa gane 'ya'yansu, amma waƙa da karatun da suka haddace tun ƙuruciya sukan daɗe ba su goge ba. Shi ya sa gidajen tsofaffi a Turai da Amurka ke amfani da tsofaffin waƙoƙi wajen kwantar musu da hankali. A wannan yanki ba sai an je nesa ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, haifaffen Musawa ne, nan maƙwabta, har ya taɓa zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970. Mata kuma suna da amadar Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Jika ya zuba waƙoƙinsu a ƙaramar rediyo mai katin waƙa, ya nuna wa kakarsa maɓalli ɗaya, ya gama mata babban aiki. Ranar suna ko biki, a kifa ƙwarya a ruwa a miƙa mata 'yan sanduna, sai a sha mamaki.

Ban da bukukuwa, kowane lokaci na shekara da nasa. Kaka, bayan damina, lokacin wadata ne, kuma aikin hannu ya yi yawa: ɓarar gyaɗa da wake, zaɓen iri, tufkar igiya, ɗinkin faifai, kaɗin auduga ga wadda har yanzu ke da mazari. Duk ana yinsu a zaune, ana hira, suna motsa yatsu da ƙwaƙwalwa. Sharaɗin kawai shi ne ya zama don sha'awa, tsoho ya ajiye sa'ad da ya ga dama. Tsohon manomi kuma a ɗauke shi a kai shi gona ya ga dammunan gero da idonsa, ko sau ɗaya. Ranar tsofaffi ta duniya, 1 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 1990, tana faɗowa daidai wannan lokaci. Nijeriya ma tana da cibiyar kula da dattawa ta ƙasa da ta fara aiki a 2021, sai dai a karkara ƙungiyoyin unguwa da 'yan agajin masallaci ne suka san ƙofar tsohuwar da ba ta da kowa, kuma su ne za su iya haɗa irinta da sa'o'inta a ci abinci tare.

Da hunturu ya shigo, hira kan koma hantsi da bakin wuta. Maza su haƙa gurabe 30 a ƙasa, kowa ya ɗebi 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan tsakuwa, a buga dara ana zolayar juna har azahar. Dare kuma na tatsuniya ne da kacici-kacici, Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, in an kashe talabijin an tura yara ɗakin kaka. Akwai mai kyau a ɗauki muryarta a waya, har da asalin gidan da sunayen kakanni, tun tana iya faɗa. Sai dai a kula da kaskon wuta: garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari, kuma zanen tsohuwa ba ya wuyar kamawa. A fitar da kaskon kafin barci, a ƙara mata bargo.

Bazara ba ta son kai-da-kawo. Zafi kan haura digiri 40, tsofaffi kuma ba su cika jin ƙishirwa ba ko da jikinsu na bukatar ruwa, don haka duk wani taro a mayar da shi sanyin safiya ko bayan la'asar, da randa a kusa. Da damina kuma gida kan zama wayam, kowa yana gona, ƙasa ga santsi. A lokacin ne ya fi kyau a bar yaro ɗaya a gida, ya riƙa kama hannun tsoho zuwa masallaci, su dawo tare.