Ƙofar da ke gaban kotu: majalisar tantance tuhuma a Amurka da mahangar malaman fiƙihu

A daren 4 ga Fabrairu, 1999, 'yan sanda huɗu suka buɗe wa Amadou Diallo wuta a ƙofar gidan da yake zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Harsasai 41 suka harba, 19 suka same shi. Bafulatanin Gini ne, Musulmi, ɗan shekara 23, kuma abin da ke hannunsa jakar kuɗi ce, ba bindiga ba. A watan Maris aka ji cewa an tuhumi 'yan sandan da kisan kai, mutane da yawa suka ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi a Fabrairun 2000 kotu a garin Albany ta wanke su duka huɗun.

Waɗanda suka tuhume su daban, waɗanda suka wanke su daban. Na farkon su ne Amurkawa ke kira giran juri, wato majalisar tantance tuhuma. Aikinta ɗaya ne: ta duba ko akwai dalilin da ya kai a gurfanar da mutum gaban shari'a. Ba ta cewa wane ya yi laifi, ba ta yanke hukunci. Duk wanda ya karanta a labarai cewa wannan majalisa ta tuhumi wani, to ya sani shari'a ko farawa ba a yi ba.

A kotunan tarayya majalisar kan ƙunshi mutum 16 zuwa 23, kuma sai 12 sun amince kafin takardar tuhuma ta fita. Ba lauyoyi ba ne, ba alƙalai ba ne. Talakawan gari ne da ake zaƙulo sunayensu ta hanyar ƙuri'a, galibi daga rajistar masu zaɓe, kuma zamansu na iya kai wa wata 18. Gyara na biyar na tsarin mulkin ƙasar, wanda ya fara aiki a 1791, shi ya wajabta bin wannan hanya a manyan laifukan tarayya. Jihohi kuwa Kotun Ƙoli ta ce tun 1884 ba dole ba ne a kansu, shi ya sa wasu ke bi, wasu kuma alƙali ke yin tantancewar.

Tushen abin daga Ingila yake. A 1166 Sarki Henry na Biyu ya umarci a riƙa rantsar da mutum goma sha biyu a kowace gunduma su faɗi waɗanda ake zargi da kisa ko fashi ko sata. Wani masanin shari'a, John Makdisi, ya rubuta a 1999 cewa Turawa sun ari tsarin juri ne daga shaidar lafifi ta mazhabar Malikiyya, wadda ita ma ta mutum goma sha biyu ce, ta hanyar tsibirin Sisili. Ra'ayi ne mai daɗin ji, amma masana tarihi da dama ba su gamsu da shi ba, bai kamata ɗalibi ya ɗauke shi kamar yankan wuƙa ba. Ita Ingila ta yi watsi da tsarin a 1933, ta ƙarasa shafe ragowarsa a 1948. A yau Amurka da Laberiya ne suka fi shahara da riƙe shi.

Manufar tana da kyau. Tuhuma ita kanta azaba ce: mutum ya rasa aiki, maƙwabta su guje shi, 'ya'yansa su sha gori, ko da daga baya an wanke shi. Don haka aka sa talakawa a tsakanin hukuma da wanda take nema, su zama garkuwa.

Malamanmu sun san wannan damuwa tun da daɗewa. Asali a shari'a shi ne kuɓutar mutum, kuma nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara. Aya ta huɗu a Suratun Nur ta ɗora bulala tamanin a kan wanda ya jefi kamilalliyar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, wato shi mai tuhumar ne ke ɗaukar kasada. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure zai tuna cewa a Malikiyya ba a rantsar da wanda aka yi ƙara sai an tabbatar akwai cuɗanya tsakaninsa da mai ƙarar, ko akwai abin da ke sa a zarge shi, don kada ashararai su riƙa jan mutanen kirki gaban alƙali suna wulaƙanta su. Ibn Farhun da Ibnul Ƙayyim sun kasa wanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da nagarta, wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba, kowane da yadda ake bi da shi. Ko a shari'ar jini, rantsuwa hamsin ta ƙasama ba ta hawa sai an sami alama mai ƙarfi da ke nuna wanda ake zargi.

Inda gizo ke saƙar a tsarin Amurka shi ne yadda ake zaman. A asirce ake yinsa, babu alƙali a ɗakin, babu lauyan wanda ake zargi. Mai gabatar da ƙara shi ke zaɓar shaidu, shi ke yi musu tambayoyi, shi ke bayyana wa majalisar doka. Ana karɓar shaidar ji-ta-ji-ta, kuma a 1992 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba za a rushe tuhuma ba don mai gabatar da ƙara ya ƙi nuna hujjar da ke wanke mutum. Alƙaluman ma'aikatar shari'ar ƙasar na 2010 sun nuna cewa cikin ƙararrakin tarayya kusan 162,000, sau 11 kacal majalisar ta ƙi amincewa. Tun 1985 babban alƙalin jihar New York, Sol Wachtler, ya yi ba'a cewa ko burodi da naman alade mai gabatar da ƙara ya kawo, zai iya sa a tuhume shi. Amma a 2014, cikin kwana goma, majalisun jihohi biyu suka ƙi tuhumar 'yan sandan da Michael Brown da Eric Garner suka mutu a hannunsu. A ganina garkuwar da mai mashi ke riƙe da ita ba ta cika garkuwa ba. Alƙalin Musulunci yana da tasa hanyar binciken adalcin shaidu a asirce, amma hukunci ba ya zartuwa sai an ba wanda aka yi ƙara damar sukar shaidar da aka kawo a kansa.

Ga Musulmin da ke zaune a can, wannan ba labarin jarida ba ne kawai. Wanda ya zama ɗan ƙasa takardar kira na iya zuwa masa ya zauna a majalisar, kuma a nan umarnin Suratul Hujurat na bincike kafin a yarda da labari ya hau kansa, ko da sauran duk sun ɗaga hannu. Wanda aka kira shaida kuwa shi kaɗai yake shiga, lauyansa na jira a waje. Idan an ba shi kariya daga tuhuma ya ƙi magana, ana iya tsare shi har wata 18. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, to amma yaya wanda ke tsoron maganarsa za ta cutar da wasu? Abdelhaleem Ashqar, Bafalasɗine malamin jami'a, ya ƙi ba da shaida a Chicago, yana cewa hakan zai jefa danginsa da mutanensa cikin haɗari. A 2007 kotu ta wanke shi daga babban zargin haɗa baki da Hamas, amma saboda ƙin maganar aka yanke masa ɗaurin wata 135.