Ki Dasa Magarya, Tsuntsaye Su Zo Miki Har Gida

'Yan uwana 'yan mata, adon gida fa bai tsaya ga jeren kwanuka da labule ba. Gidan da ake jin kukan tsuntsu da asuba, ai daɗinsa daban ne. Sai dai yau an sare itatuwa an yi girki da su, an malala siminti a tsakar gida, tsuntsayen sun ƙaurace mana.

To, ba sai kin kashe kuɗi ba. Tsuntsu abinci yake bi. Ki nemi magarya ko kurna, domin suna jure fari, kuma suna nuna ne bayan damina, lokacin da abinci ya fara ƙaranci a daji. Ƙwallonsu na da tauri, don haka ki fasa shi a hankali, ki ciro irin da ke ciki, ki shuka da farkon damina. Ki kewaye shi da kara saboda awaki. Kada ki dasa a inda yara ke wasa, don suna da ƙaya.

Ki ajiye kasko da ruwa a gefe. Kurciya da hasbiya ba sa wuce ruwa. Amma ki riƙa sauya shi bayan kwana 2, in ba haka ba sauro ne zai hayayyafa, ki jawo wa gida zazzaɓi.

Wasu tsuntsayen har tsutsar da ke cin alayyahon Inna za su tsince.

Saura aiki ɗaya, 'yar uwa: ki lallashi ƙannenki su ajiye danƙo. Tsuntsun da aka harba sau ɗaya da wuya ya sake yarda da gidan.