Kafin ka haddace handawut, tambayi malam: me zan iya yi bayan wannan kwas?

Yau hirar ta 'yan makaranta ce, na jami'a da na foliteknik da na kwalejin ilimi, har da kai da ke jiran sunanka ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa tsakaninka da Allah. Ɗauki kwas guda da ka ci a zangon da ya wuce, ko da A ka samu. Wane abu ne kake iya yi yau, wanda kafin ka shiga ajin ba ka iya ba?

In ka tsaya kana sosa ƙeya, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba duka laifin ne naka ba. Sau da yawa tun ranar farko ba wanda ya faɗa maka inda aka dosa. An dai ba ka jerin darussa, mako na ɗaya kaza, mako na biyu kaza. To ai wannan jerin abin da malam zai koyar ne. Abin da kai za ka iya in an gama, zance ne daban. Shi ne masana koyarwa ke kira sakamakon koyo. Ba sakamakon jarabawa da ake liƙawa a allo ba, alƙawari ne a rubuce tun kafin a fara: in ka kammala kwas ɗin nan, ga abin da za ka iya yi, ga kuma yadda za a gane ka iya.

Ka duba yaron da aka kai wajen tela. Ranar yaye ba a cewa "ya fahimci ɗinki". Yadi ake miƙa masa da almakashi, ya auna mutum, ya yanka, ya ɗinka kaftani. In wuyan ya karkace kowa zai gani. Haka mai koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano: ko dai wayar ta kawo wuta, ko ba ta kawo ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Me ya sa kai da za ka shekara huɗu, iyayenka na sayar da hatsi ko dabba don kuɗin rajista, za ka yarda da cinikin biri a sama?

Haƙƙinka ne, ba alfarma ba

A watan Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, wadda ta maye gurbin tsohuwar, BMAS. Hukumar ce ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Ƙungiyar ASUU ta soki tsarin, tana ganin an shiga hurumin majalisun jami'o'i. Amma ko wane ɓangare kake, abu ɗaya ya shafe ka kai tsaye: a cikin manhajar, kwasa-kwasai na zuwa ne da jerin abubuwan da ake sa ran ɗalibi ya iya in ya gama. Kundin kowane fanni yana shafin hukumar na intanet. Datar da za ka ƙona a TikTok cikin rabin awa ta isa ka sauke na fanninka.

'Yan injiniya kuwa, abin ya wuce nan. A 2023 hukumar COREN ta zama mamba ta wucin gadi a yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashen da ke cikinta ke amincewa da digirin injiniyancin juna in an tantance shi. Ginshiƙin tantancewar shi ne abin da wanda ya kammala ke iya yi.

Kalmomin da ba su aunuwa

Ga inda gizo ke saƙar. Ba kowane alƙawari ne ake iya aunawa ba. In aka rubuta "ɗalibi zai san ƙididdiga", ko "zai fahimci ƙa'idojin rubutu", ko "zai gane muhimmancin tsafta", da wane mudu za a auna? Sani da fahimta a cikin kai suke, ba mai ganinsu. Aikin da suka haifar shi ake gani.

A 1956 wani malami a Jami'ar Shikago ta Amurka, Benjamin Bloom, da abokan aikinsa suka kasa tunanin mai koyo hawa shida. A 2001 Lorin Anderson da David Krathwohl suka jagoranci sabunta tsarin, ya zama haka daga ƙasa zuwa sama: tunawa, fahimta, aiki da abin da aka koya, nazari, yanke hukunci, sai ƙirƙira. Kowane hawa da kalmomin aikinsa. A ƙasa za ka ji "lissafa" ko "ambaci". A tsakiya "warware", "kwatanta", "bambance". A sama "kare ra'ayi da hujja", "tsara", "ƙera". Ka lura, ko hawan fahimta ma ba a barinsa haka, sai an ce "bayyana da kalmominka" ko "kawo misali naka". In kana aji huɗu amma duk abin da ake nema wajenka "lissafa" ne da "ambaci", wallahi har yanzu a hawan farko aka ajiye ka.

Wani masanin, Robert Mager, tun a 1962 ya ce manufa mai kyau ƙafa uku gare ta: aikin da za a yi, yanayin da za a yi shi, da mizanin da za a ce ya yi. Bari mu gwada.

Maimakon "zai fahimci ƙa'idojin rubutun Hausa", sai a ce: idan aka ba shi shafi guda mai kurakurai 20 na raba kalma da haɗe ta, ɗalibi zai gyara aƙalla 16 ba tare da duba littafi ba.

Maimakon "zai san ƙididdiga": idan aka ba shi cinikin wani shago na kwana 30, zai fitar da matsakaicin cinikin rana da Excel, ya bayyana wa mai shagon ma'anarsa cikin jimla uku.

Maimakon "za ta gane hawan jini": za ta auna jinin mutum da na'urar hannu, ta bi matakan a jere, ta rubuta abin da ta samu, ta faɗi ko yana buƙatar ganin likita.

Ka ga bambancin? Kai da kanka za ka iya gwada kanka a ɗaki kafin malam ya gwada ka. Masu shirin zuwa koyarwar gwaji da masu bautar ƙasa da za a tura aji, ku riƙe wannan: kowace jimla kalmar aiki ɗaya, ta yi magana a kan ɗalibi, ba a kan malami ba. Kwas ɗaya kuma biyar ko shida sun isa. In sun kai ashirin, jerin darussa ne aka sake wa riga.

Jarabawa ta bi alƙawari

Rubutawa kawai ba ta wadatar. In takarda ta ce za ka iya rubuta manhajar kwamfuta, amma ba ka taɓa zama gaban kwamfuta a aji ba, jarabawar kuma ta zaɓi-ka-cike ce, to an rubuta wani abu, an koyar da wani, an auna wani. John Biggs, masanin koyarwa ɗan Ostireliya, ya yi suna ne a kan wannan batu: alƙawari da darasi da jarabawa su fuskanci alƙibla ɗaya.

A yi wa malamai adalci dai. Wanda ke da ɗalibai ɗaruruwa a zaure ɗaya, ga ƙarancin kayan aiki, ba ƙaramin aiki ba ne ya duba aikin kowa ɗaya bayan ɗaya. Sannan akwai abubuwa masu daraja da ke wuyar aunawa, irin su amana da tausayin mara lafiya. Bai kamata a watsar da su don ba su shiga mudu ba, sai dai a nemi alamarsu a aikace: ya faɗi inda ya ɗauko bayani ko kwafa ya yi? Ta nemi izinin mara lafiya kafin ta taɓa shi?

To yanzu me za ka yi? Makon farko na zangon nan, nemi sakamakon koyo na kowane kwas. In ba a bayar ba, ku sa shugaban aji ya tambaya cikin ladabi: "Malam, don Allah me ake so mu iya yi in mun gama?" Ka rubuta su a shafin farko na littafinka, duk wanda ka iya da gaske ka sa masa alama. Wanda ya gagara, ka san inda za ka sa ƙarfi tun kafin a fitar da jadawalin jarabawa.

Don gobe in ka je neman aiki, ko ka buɗe naka, takardar za a duba sau ɗaya. Daga nan sai a ce maka: "To, bismillah, nuna mana."