Annoba da Jarrabawar Jami'a

A cikin watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka rufe azuzuwa a jami'o'in Ingila, ga jarrabawa kuwa ta gabato. Roƙon ɗalibai iri biyu muka gani, watau wani ya nemi ƙarin kwanaki domin ya gama rubutunsa, wani kuwa a ɗage masa jarrabawa zuwa wani zama. A da, sai da takardar likita. Amma da aiki ya yi wa likitoci yawa, jami'o'i da dama suka yarda da maganar ɗalibi kaɗai.

To, jama'a, wanda ciwo ya kama, ya kai kukansa tun ranar ba ta zo ba. In ya yi shiru har sakamako ya fito, wahalar shekara tana iya tafiya a banza.