Turmin Ƙarshe: Daga Fagen Dambe Zuwa Asibitin Masu Taɓin Hankali

A ranar 22 ga Fabrairun 1910, wani matashi Ba'amurke mai suna Ad Wolgast ya yi turmi 40 yana gwabzawa da Battling Nelson a jihar Kalifoniya, har ya ƙwace kambun duniya na ajin marasa nauyi. Shekara 17 bayan wannan nasara aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, kuma a irin wannan asibiti ya rasu a 1955. Kafin a kai shi, ya daɗe yana atisaye kullum saboda wata karawa da kowa ya san ba za a yi ba, in ban da shi.

Likitoci sun jima da sanin abin da ke jawo haka. A 1928 wani likita a jihar New Jersey, Harrison Martland, ya yi rubutu kan tsofaffin 'yan damben boksin da ke tafiya suna tangaɗi kamar masu maye, harshensu ya yi nauyi, mantuwa ta yi musu yawa. A 1973 kuma masu bincike a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Corsellis, suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan dambe 15 bayan mutuwarsu, suka ga ɓarnar da idonsu. Ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. Duk naushin da ya sauka yakan girgiza ta, ya ja siraran jijiyoyinta. Ɓarnar tana taruwa a hankali, sau da yawa ba ta bayyana sai mutum ya daɗe da ajiye safar hannu.

Sai dai ba kowace larura ce za a ɗora wa naushi kaɗai ba. Akwai shaye-shaye, da karayar arziki, da kaɗaicin da kan sami wanda jiya ake yi wa kirari, yau ba mai ɗaga masa hannu. Joe Louis, wanda ya riƙe kambun masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, ya shafe watanni a asibiti a birnin Denver a 1970, yana fama da zargin cewa ana farautar ransa.

Dubi kuma mutum biyun da suka kara a filin Wembley a 1995, wato Frank Bruno da Oliver McCall. A Fabrairun 1997 McCall ya fashe da kuka a tsakiyar karawarsa da Lennox Lewis, ya daina kare kansa, har alƙalin wasa ya tsayar da damben. Bayan wata biyu aka kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa a jihar Virginia. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: wa ya bari mutum mai wannan hali ya hau fage tun farko? Shi kuwa Bruno, a 2003 aka tsare shi a asibiti bisa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Birtaniya, jaridar The Sun ta yi masa izgili a shafin farko, sai da jama'a suka fusata sannan ta sauya kanun labarin.

Duk da haka, labarin Bruno ya bambanta da na Wolgast. An gano cutarsa, an yi masa magani, ya koma cikin mutane, har ya kafa gidauniyar tallafa wa masu irin larurarsa. Asibiti ya zame masa wurin jinya, alhali ga Wolgast ya zama wurin ajiya har mutuwa.

A ganina, sana'ar da ke tara dukiya da kawunan mutane ba ta da hujjar cin moriyar ganga ta ya da kwaurenta. Wajibi ne a riƙa duba ƙwaƙwalwar ɗan dambe kafin a ba shi lasisi da bayan kowace mummunar faɗuwa, a kuma ware wani kaso na kuɗin wasa domin jinyarsa idan ƙarfi ya ƙare.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Damben gargajiya na bunƙasa, ana ɗaukarsa a bidiyo, kuɗi na shiga, kuma naushin da ke kayar da ɗan dambe a Kano ko Sakkwato a kai yake sauka. Kafin mu tafa wa kisa na gaba, ya dace mu tambayi masu gidajen dambe: wa zai kula da wannan yaro nan da shekara 20?